Masu Ɗurin Harsashi na Bisley da Lissafin da Ba Ya Ƙarewa

A filin harbi na Bisley, a gundumar Surrey da ke kudu maso yammacin Landan, baƙo zai lura da wata ɗabi'a ta maharba tun kafin ya gane yadda ake ƙirga maki. Mutum yana kwance rubda-ciki, ya danna kunama, ya ja sakatar bindiga a hankali, sai ya tare kwanson da ya fito da yatsu biyu don kada ya taɓa ƙasa. Ya juya shi ya dubi gindinsa, sannan ya mayar da shi gurbinsa a cikin akwati. Wannan kwanso gida zai koma. Za a wanke shi, a matse shi ya dawo awonsa na farko, a sake ɗura shi, ya dawo fili mako mai zuwa. Ana iya yi masa haka sau goma ko fiye kafin ya gaji.

Masu wannan aiki ba sa cin abinci da shi. Akasarinsu ba sa sayar wa kowa ko harsashi guda, kansu suke yi wa. Amma aiki ne mai kayan aikinsa da ƙa'idojinsa da malamansa, kuma a Birtaniya yana tafiya ne a ƙarƙashin lasisin bindiga da 'yan sanda ke bayarwa, wanda ya ƙayyade wa mutum irin bindigar da zai riƙe da yawan harsasan da zai ajiye. Bisley kansa tsohon wuri ne. An kafa ƙungiyar maharban Birtaniya ta NRA a 1859, ta yi gasarta ta farko a Wimbledon a 1860 inda Sarauniya Victoria ta yi harbin buɗewa, ta kuma ƙaura zuwa Bisley a 1890. A can akwai filin Century mai alluna 108 da ake harbi har yadi 600, da filin Stickledown da ke kaiwa yadi 1,200. Kuma a teburin shayi bayan an tashi daga harbi, hirar da ba ta tsufa ita ce wace kaliba, wato wane nau'in harsashi, ce ta fi cin kuɗi.

Harsashi abu huɗu ne aka haɗa. Akwai kwanso na tagulla. A gindinsa akwai makunni, wata 'yar hula ƙarama wadda allurar bindiga ke duka ta ba da tartsatsi. A cikinsa akwai albarushi. A bakinsa kuma akwai ƙwayar, dalma ce da aka yi wa riga da jan ƙarfe, ita kaɗai ce ke tafiya allo. Uku daga ciki suna ƙarewa da harbi ɗaya, kwanso ne kawai ke saura, kuma shi ne ya fi kowanne tsada idan sabo za a saya. A kan wannan ragowar aka gina sana'ar gaba ɗaya. Abin dariya a tarihinta shi ne makunnin da ke da sauƙin cirewa, wanda Amurkawa suka runguma, Kanar Edward Boxer na Ingila ne ya ƙirƙiro shi, shi kuwa mai wuyar cirewa da rundunonin Turai suka daɗe suna amfani da shi, na Ba'amurke ne, Hiram Berdan. Mai ɗuri idan ya leƙa cikin kwanso ya ga ƙofa ɗaya a tsakiya, ya san na Boxer ne, ya adana. In ya ga ƙananan ƙofofi biyu, sai kwandon 'yan gwangwan.

Teburin aikin bai da wani kwarjini. Injin matsi ne mai hannu ɗaure a gefen tebur, irin su Rock Chucker na kamfanin RCBS da Fred Huntington ya kafa a Kalifoniya a 1943, ko na Lee mai rahusa, ko Forster da Redding na masu son ƙwalisa. Kowace kaliba tana da nata ƙarafan da ake ɗaura wa injin, ɗaya ya matse kwanso ya fitar da tsohon makunni, ɗaya ya zaunar da sabuwar ƙwaya. Sai sikeli, da ma'aunin tsawo, da abin datse bakin kwanso saboda yana ƙara tsawo da kowane harbi, da littafin awo na kamfanin albarushi wanda mai hankali ba ya tsallake abin da ya ce. Masu abin hannu suna ƙara na'urar gasa wuyan kwanso don ya yi laushi ya daina tsagewa. Duk wannan kuɗin shiga ne, sau ɗaya ake biya, kuma kusan ɗaya ne ko wace kaliba mutum ya zaɓa. Ba nan bambancin yake ba.

Inda kowa ke fara lissafi shi ne albarushi, domin shi ne mai sauƙin ƙirgawa. Da giren ake auna shi. Laba ɗaya giren 7,000 ce, kilo ɗaya kuma giren 15,432. Ƙaramar kaliba irin .223 Remington tana cin kimanin giren 24 a harbi guda, wato kilo ɗaya zai ba da harbi sama da 600. Ita .308 Winchester, wadda ta shigo kasuwa a 1952 kuma har yau ita ce uwar gida a Bisley, tana cin wajen giren 45, kilo ya tsaya a harbi 340 da 'yan kai. Idan aka hau zuwa .284 Winchester ta masu dogon zango, sai ya sauko ƙasa da 300. Babbar .338 Lapua Magnum kuwa tana haɗiye kusan giren 90 a lokaci ɗaya, kilo ba zai kai ta harbi 200 ba. Mu ƙaddara kilo fam 100 ne don lissafi ya yi sauƙi: mai .223 yana ƙona peni 16 a harbi, mai .308 peni 29, mai .338 ya doshi peni 60.

Sai dai albarushi ba tsadarsa kawai ke damun mutum ba, har da samuwarsa. A 2018 dokar sinadarai ta Tarayyar Turai da ake kira REACH ta hana shigo da wasu shahararrun nau'o'i, ciki har da Varget da H4350 na Hodgdon waɗanda a Ostareliya ake yin su. Mutanen da suka shekara goma suna aiki da awo ɗaya suka wayi gari dole su koma Vihtavuori na Finland ko Reload Swiss, su sake gwaji daga farko. Shekara biyu bayan nan makunni ya ɓace daga shaguna. Annobar korona ta zo, Amurkawa suka yi rububin sayen harsasai, kamfanin Remington ya durƙushe a 2020, masana'antu irin CCI da Federal suka karkatar da makunninsu ga harsasan da suke haɗawa da kansu, daga baya takunkumi ya toshe na Rasha. Makunni shi ne mafi ƙanƙanta kuma da can mafi arha cikin abubuwa huɗun, amma in babu shi sauran ukun kayan ado ne. Tun daga lokacin tsofaffin hannu suka ƙara wani shafi a lissafinsu: kalibar da ke aiki da albarushi iri-iri, wadda kowane shago ke da ƙwayarta, ta fi wadda sai da nau'i ɗaya tak take yin kyau.

Ƙwayar ita ce ke cin kaso mafi girma a kuɗin da ake gani da ido. Ta gasa ba irin ta farauta ba ce. Ana son dubu su fito kamar an tsaga kara, nauyi ɗaya, tsawo ɗaya. Sierra MatchKing, Berger, Lapua Scenar, Hornady, waɗannan su ne sunayen da ke kan akwatuna. Ƙa'idar a nan ba ta da wuya: dalma da jan ƙarfe da nauyi ake sayensu, don haka ƙwaya mai giren 77 ko 80 ta .223 ta fi mai giren 155 ta .308 sauƙi, ita kuma ta fi mai giren 180 ta bakwai-mili irin .284, har a kai mai giren 250 ko 300 ta .338 wadda kowace guda sai mutum ya ji ta a aljihu. Kwanso kuma lissafinsa na rabawa ne. Na Lapua ko Norma yana da tsada ranar saye, amma idan ya yi ɗuri goma sha biyu, kuɗinsa ya rabu gida goma sha biyu. Mai cika wa kwanso wuta don neman gudu zai ga gurbin makunni ya saki bayan ɗuri huɗu ko biyar, ya zubar. A nan halin mai ɗurin ya fi kalibar tasiri.

Da a nan lissafin ya tsaya, da babu gardama, kowa zai ce ƙaramin harsashi ya fi araha a wuce wurin. Amma akwai abu na biyar da ba ya cikin akwatin harsashi, kuma shi ne sabon shiga ke mantawa. Kamar ɗan acaba ne da ke ƙirga kuɗin mai kullum da yamma yana murna da riba, bai sa a ransa cewa inji ma cinyewa yake yi ba, sai ranar da bakanike ya faɗi kuɗin sauke shi. A bindiga, abin da ke cinyewa shi ne bututu.

Duk lokacin da aka harba, wuta mai tsananin zafi da matsi tana ratsa inci biyu ko uku na farkon bututun, wurin da maharba ke kira maƙogwaro, inda tsagogin da ke murɗa ƙwaya suke farawa. Ƙarfen wurin yana ƙonewa kaɗan-kaɗan, ya daddare, ya tsattsage kamar busasshen tabki idan aka leƙa da madubi. Sauran bututun yana nan sumul, amma da zarar maƙogwaro ya tafi, saiti ya tafi. Ba kuma a rana ɗaya yake mutuwa ba. Sai mutum ya fara ganin harbi ɗaya cikin ashirin ya kauce sama ko ƙasa ba gaira ba dalili. Ya zargi iska, ya zargi sikeli, ya zargi idonsa, ya ƙara wa ƙwaya tsawo don ta bi maƙogwaron da ke ja da baya. Wata rana dai ya haƙura ya kira maƙerin bindiga.

Abin da ke yanke wa bututu kwana shi ne yawan albarushin da ake turawa ta ƙofa mai wane faɗi. Ƙofa mai faɗi da albarushi matsakaici, bututu ya daɗe. Albarushi mai yawa ta ƙuntatacciyar ƙofa, bututu ya ƙone da wuri. Shi ya sa .308 ke da tsawon rai: maharba suna sa ran harbi 5,000 ko fiye kafin saitin gasa ya fara lalacewa, kuma .223 ma ba ta nisa da haka. 6.5 Creedmoor, wadda Dave Emary na Hornady da zakaran harbi Dennis DeMille suka tsara a 2007, albarushinta bai kai na .308 ba, a takarda sai ka ce ta fi araha. Amma ƙofarta ta fi ƙunci, bututunta yakan gaji tsakanin harbi 2,500 da 3,000. Ita kuwa 6.5-284 da ta yi tashe a gasar yadi 1,000 a farkon shekarun 2000, an san ta da cinye bututu a harbi dubu da 'yan ɗaruruwa. Ƙwaya ba ta wuce kamar kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa a cikin bututu. In aka tara duka, bututun da ya yi harbi 3,000 bai yi aikin daƙiƙa biyar ba a rayuwarsa.

Sabon bututu kuma ba a shago ake ɗaukarsa a ɗaura ba. Ana sayen sandar ƙarfen daga masu yi irin Krieger ko Bartlein na jihar Wisconsin, wani lokaci a jira watanni, maƙeri ya yanka masa mazaunin harsashi ya yi masa zare ya ɗaura, sannan a Birtaniya a kai shi gidan gwaji na Landan ko na Birmingham a buga masa hatimi. Mu ƙaddara duka ya ci fam 900. Mai .308 ya raba wannan gida 5,000, peni 18 ke nan a kowane harbi. Mai Creedmoor ya raba gida 2,500, peni 36. Mai 6.5-284 ya raba gida 1,200, peni 75, wato kuɗin bututunsa kaɗai ya ninka kuɗin albarushinsa. Wanda ke harbi 2,500 a shekara, da .308 sai ya shekara biyu bai ga maƙeri ba, da 6.5-284 kuwa sau biyu zai je a shekara guda. Kuma kowane sabon bututu yana da nasa hali. Sai an ƙona harbi ɗari ko fiye ana neman awon da ya fi so kafin a yarda da shi a gasa, kuma waɗannan ma daga cikin kwanakinsa aka cire su.

To me ya sa mai hankali zai zaɓi kalibar da ke cin bututu? Saboda iska. A yadi 1,000, iskar gefe mai gudun mil 10 a awa tana iya ture ƙwayar .308 mai giren 155 kusan ƙafa 8 daga inda aka saita. Doguwar ƙwayar bakwai-mili mai giren 180, a iska iri ɗaya, ƙafa 5 da ɗan wani abu za ta kauce. A gasar F-Class, wadda ta samo suna daga ɗan Kanada George Farquharson, zoben tsakiyar allo a wannan nisa faɗinsa inci 5 ne kacal. Idan iska ta ɗan canza mutum bai lura da tutar da ke nuna iska ba, mai bakwai-mili ya rasa maki ɗaya, mai .308 ya rasa biyu. Abin da ake saya da ƙonewar bututu ke nan: afuwa ga kuskuren karanta iska. Ga wanda ke neman kofin duniya, ciniki ne mai kyau, ba kuma zai tsaya yana ƙirga peni ba.

Masu shirya gasa sun daɗe da gane cewa in aka saki wannan tsere, mai kuɗi ne zai riƙa lashewa. Don haka suka raba F-Class gida biyu. A rukunin F-Open kowa ya zo da kalibar da ya ga dama har zuwa mili 8, bindiga kada ta wuce kilo 10. Nan ne gidan .284 da manyan ƙannenta. A rukunin F-TR kuwa .223 ko .308 kawai aka yarda, bindiga kada ta wuce kilo 8.25. Tsohon salon Bisley na harbi da majanyi a hannu ba tare da madubin hange ba ya ma fi haka tsauri. A babban taron Imperial na watan Yuli, ƙungiya ce ke raba wa kowa harsashi iri ɗaya, .308 mai ƙwayar giren 155, har zuwa wasan ƙarshe na Kyautar Sarki inda mutum 100 ke fafatawa a yadi 900 da 1,000 a ɗauki zakara a kujera. A wannan makon gwanin ɗuri da wanda bai taɓa riƙe sikeli ba duk ɗaya suke.

A ganina, wanda bai kai matakin kofi ba ya zaɓi kaliba mai cin bututu, ya sayi abin da bai kai ga mora ba. Karanta iska ba a littafi ake koyonsa ba, da harsashi ake biya, dubbai, a ranakun da tutoci ke nuna gabas da yamma lokaci guda. Mutum biyu masu kuɗi ɗaya a shekara, ɗaya ya harba 3,000 da .308 ko .223, ɗayan ya harba 1,200 da kaliba mai zafi yana tsoron kowane harbin gwaji don kada bututu ya ƙare kafin gasa. Bayan shekara uku na farkon ne zai fi sanin abin da tuta ke faɗa. Akwai tsaka-tsaki kuma. 6mm BR, gajeren kwanso mai cin wajen giren 30, ba ta da duka a kafaɗa, kwansonta yana daɗewa, kuma daga yadi 300 zuwa 600 da wuya a sami wadda ta fi ta tara harbi wuri ɗaya. Wanda filin ƙungiyarsa bai wuce yadi 600 ba, ban ga abin da zai kai shi ga magnum ba in ba son a gani ba.

Wani abin da ba a sa wa farashi shi ne lokaci. Harsashi ɗari na gasa, idan ana auna albarushin kowanne shi kaɗai har zuwa ƙwayar ƙarshe, yana iya cinye maraice guda cur, ban da wanki da datsa da gashi da aka yi a wani daren. Babu kallon talabijin, babu hira, kuma gwangwanin albarushi ɗaya kawai ke zama a kan tebur, domin wanda ya zuba mai saurin kamawa na ƙaramar bindiga a kwanson babba bisa kuskure yana iya rasa bindigar da yatsunsa. Su kansu masu ɗurin suna yi wa juna ba'a cewa babu wanda ya taɓa tara ko sisi da wannan aiki. Harsashi ya yi rabin kuɗi, sai mutum ya harba ninki biyu, ragowar ya ƙara sayen wata na'ura. Gaskiya ce, amma ba duka ba. Harsashin kanti an yi shi ne ya shiga kowace bindiga, na gida kuwa an auna shi ne a kan maƙogwaron bindiga ɗaya, kuma ana iya binsa yayin da yake ja da baya.

Dabarar da da yawa suka koma wa ita ce raba aiki. Bututun gasa ana ajiye shi, da littafi a gefensa da ake rubuta kowane harbi, ba a ɗaura shi sai gasa ta matso. Atisaye kuma a yi shi da tsohon bututu, ko da bindiga ta biyu mai .223, ko ma da .22 LR, ƙaramin harsashin nan da ke kasuwa tun 1887. Shi ba a sake ɗura shi, domin makunninsa a cikin leɓen kwanso yake, an harba an gama. Amma ko na gasa irin Eley Tenex bai kama ƙafar kuɗin babban harsashi ba, bututunsa kuma yana yin dubun-dubatar harbi bai nuna gajiya ba. Ƙwayarsa ba ta da gudu, iska tana wasa da ita yadda ta so, har maharba kan ce harba .22 a yadi 200 yana koyar da kusan abin da .308 ke koyarwa a yadi 1,000.